Yadda Ake Amfani da Magani Wajen Rage Ruwan Ciki ga Mai Ciwon Hanta da Ya Yi Nisa

Idan ciwon hanta ya daɗe a jikin mutum har hantar ta taurare ta cika da tabo, abin da iyali suka fi saurin lura da shi shi ne cikin mara lafiya yana ta girma alhali fuskarsa da damatsansa suna ramewa. Wando ya daina shiga, numfashi ya yi wuya idan ya kwanta, loma uku ta ƙosar da shi, wani lokaci ƙafafu ma su kumbura har takalmi ya gagara. Ruwa ne ya taru a sararin da ke tsakanin hanji da bangon ciki, kuma yana iya kai lita 10 ko fiye. Akwai magungunan da ke rage wannan ruwa, amma suna aiki ne bisa ƙa'ida, kuma wanda ya yi musu gaggawa yakan jawo wa ƙoda lahanin da ya fi ruwan haɗari. Likita ne ke rubuta su, shi ne kuma ke ƙarawa ko ragewa, amma rabin aikin yana hannun mara lafiya da mai jinyarsa a gida.

Me ya sa ruwan yake taruwa

Jinin da ke fitowa daga hanji da saifa sai ya ratsa ta cikin hanta kafin ya koma zuciya. Idan hanta ta taurare, jinin yana samun cikas, matsinsa ya hau, jijiyoyin hanji su buɗe su riƙe jini mai yawa, wanda ke zagayawa a sauran jiki kuma ya ragu. Ƙoda tana ganin haka sai ta ɗauka jiki ya bushe, ta fara riƙe gishiri bisa umarnin wani sinadari da ake kira aldosteron, shi kuwa ruwa duk inda gishiri ya tsaya nan yake tsayawa. Ga shi kuma hantar ta rage haɗa albumin, wato furotin ɗin da ke taimakawa wajen riƙe ruwa a cikin jijiya, sai ruwan ya riƙa tsattsafowa cikin ciki. Wanda ya gane wannan ya gane maganin gaba ɗaya, domin abin da ake yaƙi da shi shi ne gishirin da ƙoda ta ƙi saki.

A fara tabbatar da cewa hanta ce

Ba kowane kumburin ciki ba ne na hanta. Tarin fuka yana kama fatar cikin ciki ya tara ruwa, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Ciwon zuciya, ciwon ƙoda da ciwon daji duk suna yin haka. Idan mai jego ce ta kumbura, zuciya ake fara tuhuma, domin tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yadda ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Hausa, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan jego. Saboda haka kafin a fara shan magani sai an ɗauki hoton ciki, an yi awon jini na hanta da ƙoda, sannan a sa sirinji a ɗebi kaɗan daga ruwan a kai ɗakin gwaji. Ana auna albumin na jini da na ruwan cikin a rana ɗaya, a cire na ruwan daga na jini, idan abin da ya rage ya kai 1.1 ko ya wuce, to matsin jijiyar hanta ne ya kawo ruwan, kuma magungunan da za a ambata za su iya yin aiki. Idan bai kai ba, sai a nemi dalilin a wani wuri, domin maganin fitsari, wato ƙwayoyin da ke sa yawan fitsari don a rage ruwan jiki, ba ya warkar da tarin fuka.

Gishiri

Nan ne mafi yawan jinya take lalacewa, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Abin da aka yarje wa mara lafiya a rana shi ne kimanin giram 2 na sodiyam, wato sinadarin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, daidai da giram 5 na gishirin girki, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan lissafi ya haɗa da duk gishirin da ke ɓoye a cikin abinci. Uwargida takan ce ta daina sa gishiri a miyar maigida, amma ta jefa dunƙule uku, alhali kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne. Kanwa da ake sa wa miyar kuka ko kuɓewa ko wake, da kunun kanwa kansa, suna ɗauke da sodiyam mai yawa, ko da harshe bai ji ɗanɗanon gishiri ba. Haka manda, yajin tsire, kilishi, busasshen kifin da aka barbaɗa wa gishiri, kifin gwangwani, da ƙullin kayan ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda. Hodar nan da ake zubawa a ruwa tana kumfa, irin su Andrews Liver Salt, sunanta yana sa mutane su ɗauka maganin hanta ce, alhali tana ɗauke da sodiyam mai yawa kuma ba ta dace da mai ruwan ciki ba. Akwai kuma ƙarin ruwan da ake ɗaura wa mutum a kemis ko a gida don an ga ya galabaita: ledar ruwan gishiri mai rabin lita tana ɗauke da giram 4.5 na gishiri, kusan rabon yini guda ke nan a zama ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ware masa tukunyarsa, a dafa babu gishiri babu dunƙule, a ƙawata ta da albasa, tafarnuwa, citta, attaruhu, tumatir da lemon tsami, sannan a auna masa rabon gishirinsa na yini a ƙaramin murfi ya riƙa barbaɗawa da kansa. A guji gishirin da ake sayarwa a matsayin madadi ga masu hawan jini, domin yawancinsa fotasiyam ne, wani sinadari da yawansa a jini ke rikita bugun zuciya, kuma haɗa shi da babban maganin da za a ambata yana iya tsayar da zuciya. Kada kuma tsananin ya kai ga mara lafiya ya ƙi abinci, domin rama ma tana kashe mai ciwon hanta. Yana bukatar furotin kimanin giram 1.2 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, daga wake, ƙwai, nono, ɗanyen kifi da aka dafa da nama, da ɗan abin taɓawa kafin ya kwanta barci. Tsohuwar al'adar hana mai ciwon hanta nama da ƙwai gaba ɗaya likitoci sun bar ta.

Shi kuwa ruwan sha ba a hana shi, sai idan awon jini ya nuna sodiyam ya faɗi ƙasa da 125, a nan ne likita kan taƙaita shi zuwa lita 1 ko ɗaya da rabi a rana.

Magunguna biyu da ake dogaro da su

Na farko, kuma ginshiƙi, shi ne wanda aka fi sani da Aldactone, a jikin kwali za a iya ganin an rubuta spironolactone. Aikinsa shi ne toshe umarnin aldosteron, ƙoda ta saki gishiri ta riƙe fotasiyam. Ana farawa da miligiram 100 sau ɗaya da safe, tare da abinci domin ya fi shiga jiki. Maganin nan ba ya nuna aikinsa sai bayan kamar kwana uku, shi ya sa ba a ƙara shi kafin wannan lokaci, kuma shi ya sa bai kamata mai jinya ya ce bai yi aiki ba don ya kwana biyu bai ga canji ba. Idan nauyi bai sauka yadda ake so ba, likita yana ƙara 100 a kai bayan kwana uku zuwa biyar, har iyakar miligiram 400 a rana.

Na biyu shi ne Lasix, wanda ake rubutawa furosemide. Shi yana da sauri, cikin awa guda mutum ya fara zaryar bayi, wannan ne ya sa jama'a suka fi yarda da shi, har wasu ke sayensa su sha shi kaɗai. Kuskure ne. A ciwon hanta, gishirin da Lasix ya kora daga wani sashe na ƙoda, aldosteron yana sake tsotse shi a sashen da ke gaba, kuma wani bincike da aka yi a Basalona ta ƙasar Sifen a 1983 ya nuna Aldactone ya fi shi rage ruwan cikin masu taurarriyar hanta. Ana fara Lasix da miligiram 40 a rana, iyakarsa 160.

Wanda ruwan ya taru masa karon farko kuma bai yi yawa ba, sau da yawa Aldactone kaɗai ya ishe shi. Wanda ruwan ya daɗe ko yake ta dawowa, akan haɗa masa biyun tun farko a kan ma'aunin 100 da 40, a ƙara su tare zuwa 200 da 80, 300 da 120, har 400 da 160. Hikimar wannan ma'auni ita ce ɗaya yana riƙe fotasiyam ɗaya yana zubar da shi, sai su daidaita juna. Duka biyun a sha su da safe a lokaci guda domin a samu barcin dare. Ƙwaya ta fi allura a nan, domin allurar Lasix ta jijiya tana zubar da ruwan jini farat ɗaya ta gigita ƙoda. Na san yadda muke ganin allura ta fi ƙarfi, amma ƙarfin nata ne abin tsoro ga wannan mara lafiya.

Aldactone yakan sa nonon namiji ya kumbura ya yi ciwo. Idan abin ya dame shi, kada ya daina shan magani a ɓoye don kunya, ya gaya wa likita, akwai amilorayid da ake musanyawa da shi, daga miligiram 10 zuwa 40, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare ita ma tana yawan faruwa, kuma dalili ne na a duba jini.

Sikeli da littafi

Kayan aikin da ya fi muhimmanci a ɗakin mara lafiya shi ne sikeli. A auna shi kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya karya, da kaya iri ɗaya, a rubuta a littafi tare da kwanan wata da adadin ƙwayar da ya sha. Kilo ɗaya daidai yake da lita ɗaya ta ruwa. Wanda ƙafarsa ba ta kumbura ba, kada nauyinsa ya sauka fiye da rabin kilo a rana. Wanda ƙafarsa ta kumbura yana iya sauke kilo ɗaya, amma da zarar ƙafar ta sace sai a koma rabin kilo.

Dalilin wannan iyaka shi ne maganin ba daga ciki yake janyo ruwa kai tsaye ba. Daga jini yake janyowa, sannan ruwan cikin ya koma jini a hankali ya cike gurbin, kuma abin da ke iya komawa a yini bai kai lita ɗaya ba. Idan fitsari ya wuce abin da ciki ke mayarwa, jini ne ke ƙafewa alhali cikin yana nan a kumbure, ƙoda kuma ta rasa jinin da za ta yi aiki da shi. Iyali sukan yi murna idan mara lafiya ya sauke kilo uku a kwana ɗaya, amma wannan labari ne da ya kamata a kai wa likita a ranar. Inda babu sikeli ana iya amfani da tef ɗin tela a auna zagayen ciki daidai cibiya, sai dai iska a hanji tana ruɗa wannan awo, don haka sayen sikeli ya fi.

Ana yin awon jini na sodiyam, fotasiyam da kiriyatinin, wato ma'aunin aikin ƙoda, kafin a fara magani, sannan a maimaita a kai a kai a makonnin farko da duk lokacin da aka ƙara ƙwaya. Idan nauyi ya ƙi sauka, likita yana iya auna sodiyam da fotasiyam a fitsari. Idan sodiyam ya rinjayi fotasiyam amma ciki bai ragu ba, maganin yana aiki, gishiri ne ke shigowa ta wata kafa, sai a koma kicin a bincika. Bayan ruwan ya tafi, ana rage maganin zuwa mafi ƙarancin abin da zai hana shi dawowa.

Lokacin da ake dakatar da magani

Likita yana dakatar da magungunan biyu idan sodiyam ya faɗi ƙasa da 125, ko ƙoda ta fara gazawa, ko hankalin mara lafiya ya fara gushewa, ko ɗaurewar jijiya ta hana shi sakat. Yana tsayar da Lasix idan fotasiyam ya yi ƙasa da 3, yana tsayar da Aldactone idan ya haura 6. A gida kuwa, idan gudawa ko amai ya kama mara lafiya, ko ya kasa ci da sha, ko jiri yana ɗibarsa idan ya miƙe, ko fitsarinsa ya ragu sosai, kada a ba shi ƙwayar ranar sai an ji ta bakin likita. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin bazara, sa'ad da gumi kaɗai ke zubar da ruwan jiki. Gushewar hankali tana farawa a hankali: barcin rana da rashin barcin dare, mantuwa, magana ba kan gado, rawar hannu. Iyali sukan ɗauka iska ce ko sammu, amma guba ce da hanta ta kasa tacewa ta hau kai, kuma yawan maganin fitsari yana tayar da ita. Don magance wannan ana ba da maganin da ake kira laktulos domin a samu bayan gida mai laushi sau biyu ko uku a rana, idan ya wuce haka ya zama gudawa shi ma yana busar da jiki. Amai da jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta kuwa, asibiti ake nufa nan take.

Azumi a wannan hali, da maganin fitsari a jiki, haɗari ne na gaske ga ƙoda, kuma likitoci suna ba mai ruwan ciki shawarar kada ya ɗauka. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, sai ya tuntuɓi malaminsa game da ramuwa ko ciyarwa.

Magungunan da ba a haɗawa da wannan jinya

Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen, dikulofenak, Feldene da asfirin suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna kashe aikin maganin fitsari, suna kuma iya tayar da zubar jini a ciki. Suna ɓoye a cikin haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a ce maganin gajiya, don haka kada mara lafiya ya sha abin da ba a san sunansa ba. Farasitamol ya fi aminci matuƙar bai wuce giram 2 a rana ba, wato ƙwaya huɗu masu miligiram 500. Magungunan hawan jini irin su lisinofiril da losatan akan dakatar da su, haka allurar jentamaisin. Furofuranolol ko kabedilol da ake bayarwa don hana fashewar jijiyoyin maƙoshi ana ci gaba da su, amma likita yana ragewa ko dakatarwa idan lamba ta sama a awon hawan jini ta yi ƙasa da 90. Jiƙo da sassaƙe da ake kawowa daga 'yan uwa da kyakkyawar niyya, ba a san abin da ke cikinsu ba, wasu da kanwa ake haɗa su, hantar kuma ba ta da sauran ƙarfin tace su. Giya ko ɗigo ba a yarda ba.

Idan ciki ya yi tauri kamar ganga

Wanda cikinsa ya cika har numfashi ya gagara ba a jiran ƙwaya ta yi masa aiki. Ana zuƙe ruwan a asibiti da allura mai tsabta, sannan a ci gaba da magani don hana shi dawowa. Mutane da yawa suna tsoron wannan aiki, suna cewa wanda aka zuƙe wa ruwa ba ya daɗewa, amma nisan ciwon ne ya kai shi ga zuƙar, kuma aikin kansa yana da aminci a hannun wanda ya iya. Abin kiyayewa shi ne idan an cire fiye da lita 5, sai an ƙara wa mutum albumin ta jijiya, giram 6 zuwa 8 ga kowace lita da aka cire, domin kada jini ya faɗi ƙoda ta tsaya. Kwalbar albumin mai kashi 20 cikin ɗari, mai mililita 100, tana ɗauke da giram 20, don haka wanda aka cire wa lita 8 yana bukatar kamar kwalba uku. Albumin yana da tsada ƙwarai, kuma inda babu halinsa ya fi kyau a cire ƙasa da lita 5 a zama ɗaya. Tsaga ko sakiya ko ƙaho a kan irin wannan ciki, musamman kan cibiyar da ta ɓullo, ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Ruwan cikin yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta ko ba a taɓa shi ba. Zazzaɓi, ciwon ciki, ruɗewa, ko lalacewar ƙoda ba dalili, duk suna sa a ɗebi ruwan a ƙirga fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, idan sun kai 250 a kowane ɗigon awo sai a fara allurar sefotakzim ko seftiriyazon na kwana biyar zuwa bakwai. Ana haɗawa da albumin, giram 1.5 ga kowane kilo a rana ta farko da giram 1 a rana ta uku, domin wani bincike na 1999 a Sifen ya nuna hakan yana rage gazawar ƙoda da mutuwa. Wanda ya taɓa kamuwa yakan ci gaba da shan ƙwayar rigakafi kullum, nofulokzasin miligiram 400 ko sifurofulokzasin miligiram 500.

Idan ƙwaya ta daina aiki

A wasu marasa lafiya, kamar ɗaya cikin goma, ruwan yana ƙin sauka duk da an kai iyakar 400 da 160 an kuma kiyaye gishiri, ko kuma jiki ya kasa ɗaukar maganin. Kafin a yanke wannan hukunci sai an tabbatar babu kanwa, dunƙule ko maganin ciwon jiki a ɓoye. Idan ya tabbata, sai a koma zuƙar ruwa lokaci lokaci tare da albumin, wasu likitoci kuma suna ƙara midodirin, miligiram 7.5 sau uku a rana, ga wanda matsin jininsa ke ƙasa. Akwai aikin sa ƙaramin bututu a cikin hanta don rage matsin jini, da kuma dashen hanta, amma galibi sai an fita waje, kamar Indiya ko Masar, kuma ba kowa ne jikinsa ko aljihunsa zai ɗauka ba.

Shi ya sa maganin asalin ciwon yake tafiya tare da maganin ruwan tun ranar farko. A ƙasashenmu ƙwayar cutar hanta nau'in B ce kan gaba, kuma duk wanda ta kai shi ga ruwan ciki ana ɗora shi kan tenofobir ko entekabir, ƙwaya ɗaya kullum. Wasu hantarsu takan farfaɗo bayan watanni har a rage musu maganin fitsari, amma daina shan ƙwayar farat ɗaya yana iya sa cutar ta taso da ƙarfin da hantar ba za ta ɗauka ba, don haka a sayi ta wata mai zuwa tun ta hannu ba ta ƙare ba. Nau'in C ana warkar da shi da ƙwayoyi na makonni 12 zuwa 24. Wanda ya tashi yana wanka ko noman rani a madatsar ruwa, a duba shi ko tsutsar nan 'yar uwar mai kawo tsagiya ta taɓa hantarsa, domin ana kashe ta da furazikwantel. Matar mara lafiya ko mijinta, da 'ya'ya da 'yan uwan da suke ciki ɗaya, su je a gwada su nau'in B, wanda ba ya ɗauke da ita a yi masa allurar rigakafi guda uku.